Zuƙe kitse a ƙasar waje: wa ya san likitan?

A ƙauye kowa ya san wanzaminsa. An san ubansa, an san kakansa, an san wanda ya miƙa masa aska. An ga yaran da ya yi wa kaciya, an ga yadda suka warke. In hannunsa ya taɓa ɓaci, labari ya zagaya gari tun kafin ranar kasuwa. Haka ungozoma, haka maɗori. Ba mai tambayar su takarda, don gari duka shi ne shaidarsu.

To, ga wani al'amari ya shigo birnin Yamai ta cikin salula. Talla ce daga ƙasashen waje, kamar Tunisiya da Turkiyya. Ana nuna hoton mace da tumbi, kusa da shi kuma hotonta tumbin ya faɗa. Ana cewa a biya kuɗi a dunƙule: otal, motar tarba, da aikin likita. Aikin shi ne zuƙe kitse daga jikin mutum. Mai tallar yana da lambar salula da murya mai daɗi. Amma wanda zai riƙe ƙarfen fa? Ba wanda ya san ubansa, ba wanda ya ga waɗanda ya yi wa aiki.

Manomi ko makiyayi na iya cewa: ina ruwan biri da gada? Da ruwansa. Ɗiyarsa da ke aure a birni tana ganin wannan talla, ƙanensa da ke fatauci ma yana gani. In abu ya ɓaci, bisashen gida ne za a kora kasuwa don neman magani. Ban da haka, hanyar bincika likitan kitse ita ce hanyar bincika likitan gwaiwa, da na maƙoƙo, da na yanar ido. Mutanen karkara kuwa sun daɗe suna ƙetare iyaka don irin waɗannan, zuwa Sakkwato, ko Kano, ko Tangeta ta ƙasar Benin.

Abin ma da ban mamaki. A ƙasar nan an daɗe ana ganin ƙiba ita ce adon mace. Zabarmawa suna da hangandi, inda mace ke zama tana ci tana sha har ta murje. Wasu matan har ƙwayoyin ƙiba suke saye wurin masu tallar magani, ƙwayoyin da ke kawo hawan jini da ciwon sukari. Yanzu ga wata tana biyan kuɗi a ƙara mata kitse, ga wata tana biyan kuɗin jirgi a rage mata shi, kuma suna iya zama unguwa ɗaya.

Yaya ake zuƙe kitse?

Wanda ya taɓa feɗe rago ya san kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai na cikin ciki wanda ya lulluɓe hanji da ƙoda. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Likita na ƙarƙashin fata kawai yake iya zuƙewa. Yana huda fata, ya ɗura ruwan magani, sannan ya zura wani bututun ƙarfe siriri, wanda bai kai kaurin bik ba. Yana kai da komo da shi, inji yana tsotsa. Wani likitan Faransa mai suna Illouz ne ya gyara wannan dabara a birnin Paris cikin 1977, daga nan ta bazu. A 2023 an yi irin wannan aiki fiye da sau miliyan 2 a duniya. Ke nan ba baƙon aiki ba ne, kuma a hannun gwani yawanci ana tashi lafiya.

Amma a lura da abu guda: likita ba ya ganin bakin ƙarfen. Da hannu yake jin inda ya nufa. Tsakanin kitsen tumbi da hanji ba wata tazara mai yawa, ɗan bangon nama ne. In ƙarfe ya karkace ya fasa bangon, ya shiga inda hanji da hanta suke. Hanji in ya huje, ƙazanta ta tsiyaya cikin ciki, kuma ba nan take ake ganewa ba. Wani lokaci kitse ko gudan jini ya bi jijiya ya je ya toshe huhu. Wani lokaci maganin kashe zafin da aka ɗura ya yi yawa ya taɓa zuciya. Shi ya sa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ke cewa in abin da za a zuƙe ya wuce lita 5, babban aiki ne, sai mutum ya kwana ana lura da shi.

Masu talla sukan ce aikin yana rage ciwon sukari. A 2004 likitoci a Amurka sun gwada da mata 15 masu ƙiba. Aka zuƙe wa kowace wajen kilo 10 na kitse, aka auna su bayan makonni. Sukarin jini bai gyaru ba, hawan jini bai sauka ba. Dalili kuwa, kitsen da ke kawo cuta shi ne na cikin ciki, wanda bututu ba ya kai gare shi. Zuƙe kitse gyaran siffa ne, ba maganin ƙiba ba ne.

Matar shugaban ƙasa

Ranar 22 ga Oktoba 2005 jirgin sama ya faɗi kusa da Legas, mutum 117 suka rasu. Najeriya na cikin wannan juyayi, washegari sai ga wani labari daga ƙasar Sifen: Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a garin Marbella. Shekarunta 59, saura makonni kaɗan ta cika 60. Ba ciwo ya kai ta can ba. Ta je ne a zuƙe mata kitse a wata kilinik ta masu kuɗi.

Sai a 2009 kotun birnin Malaga ta yanke shari'a. An tabbatar bututun ya fasa ya shiga cikin cikinta, ya ji wa hanta rauni, ya huda babban hanji. Bayan aikin jikinta ya yi ta tsanani, amma aka yi jinkirin gane abin da ya faru, aka yi jinkirin kai ta inda za a cece ta. Kotu ta kama likitan da laifin sakaci. Aka yanke masa kaso na shekara 1, aka hana shi aikin likita shekara 3, aka sa shi biyan diyyar yuro 120.000, wato kusan miliyan 79 na sefa.

A tsaya a duba wannan da kyau. Matar nan ba kuɗi ta rasa ba, ba masu rakiya ta rasa ba. Ƙasar Turai ta je, ba bayan kasuwa ba. Wanda ya yi mata aiki kuma likita ne. In haka ta faru da matar shugaban ƙasa, mai ofishin jakadanci a bayanta, ina ga matar ɗan kasuwa da ta tashi daga Yamai ita kaɗai, ba ta jin harshen garin, ba ta san kowa ba sai mai tallar salula?

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Gwamnatin Ingila ta sanar cewa daga 2019 mutanenta fiye da 20 sun mutu a Turkiyya bayan sun je neman aikin likita da kuɗinsu.

Likita iri iri ne

Ba duk mai farar riga ne likita ba, kuma ba kowane likita ne likitan fiɗa ba. A nan Nijar, yaro in ya ci bak ya shiga sashen koyon likita na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sai ya yi shekara 7 ko 8 kafin a kira shi lokotoro. Duk da haka bai zama mai fiɗa ba. Sai ya sake zama ƙarƙashin manya kamar shekara 5, yana kallo, yana riƙe masu kaya, yana yanka a gaban idonsu. A cikin masu fiɗar ma kowa da fanninsa: na ƙashi, na ido, na mata, na gyaran fata da siffar jiki. Makiyayin raƙuma da makiyayin tumaki duka makiyaya ne, amma ba a ba mai tumaki amale ya hora.

Waɗannan masu gyaran siffar jiki ba ƴan wasa ba ne. Su ne ke ɗinke leɓen jaririn da aka haifa a tsage. Su ne ke sake hannun yaron da wuta ta ƙona fata ta manne. Su ne ke gyara fuskar da ciwon noma ya ci. Ana irin wannan aiki a Yamai, misali a asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010. Sana'a ce mai daraja. Matsala ita ce aikin kwalliya yana kawo kuɗi da yawa, sai waɗanda ba su koye shi ba suka kutsa ciki. Wani likitan gama-gari ne, ya je taron kwana uku a otal, aka ba shi takarda mai zanen zinariya, ya rataya a bango. A ƙasashe da dama doka ba ta hana shi kiran kansa likitan kwalliya ba.

A 2007, a Amurka, Donda West, malamar jami'a, mahaifiyar mawaƙin nan Kanye West, ta nemi a yi mata gyaran jiki har da zuƙe kitse. Likitan farko ya ƙi, ya ce sai an fara auna zuciyarta. Wani likitan ya yarda ya yi. Yana da izinin aikin likita, amma sunansa ba ya cikin rajistar hukumar ƙwararrun wannan fanni. Ta koma gida ran da aka yi aikin, washegari ta rasu. Binciken gawa ya nuna ciwon zuciya haɗe da wahalar bayan aiki. Bayan shekara biyu jahar Kaliforniya ta kafa doka: ba za a yi wa mutum fiɗar kwalliya ba sai an auna lafiyarsa. Likitan da ya ce a'a, ko ya ce a dakata, sau da yawa shi ne gwanin. Wanda bai taɓa ƙin kowa ba, bai tambayi hawan jini ba, bai tambayi sukari ba, sai hoton tumbi da ranar biyan kuɗi, a guje shi.

Malamai ma sun yi magana. A 2007 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, wadda Nijar ke cikinta, ta zauna a ƙasar Malesiya kan fiɗar gyaran jiki. Ta halatta zuƙe kitse in ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an amince ba za a cutu ba. Cikin sharuɗɗan da ta gindaya akwai cewa mai aikin ya zama likita ƙwararre a fannin. Ke nan tambayar takardar likita ba rashin tawakkali ba ne.

Wa za a tambaya?

Ba dillali ba. A kasuwar bisashe dillali yana da amfani, don an san gidansa. In saniya ta fito ta sata ce, shi za a kama. Dillalin salula kuwa la'adarsa tana kan kowane kai da ya kawo, kuma ran da abu ya ɓaci lambarsa ba ta shiga. Hotunan da yake turowa ba shaida ba ne: waɗanda suka yi kyau ake nunawa, wani lokaci ma aikin wani ne aka ɗauko. Takardar bango ita ma ba shaida ba ce, don yau yaro mai kwamfuta yana buga irinta cikin awa guda.

Shaida tana wurin hukumar da ke riƙe da littafin likitoci. Kowace ƙasa tana da irinta. A Nijar, da Tunisiya, da Maroko, da Faransa, sunanta da faransanci Ordre des Médecins. A Najeriya ana kiranta MDCN. Ba likitan da ke da izinin taɓa majinyaci sai sunansa na cikin littafin ƙasar da yake aiki, kuma kowa da lambarsa. Ita wannan hukuma ce ke dakatar da wanda ya yi ɓarna. Saboda haka abin farko da za a nema wurin dillali shi ne cikakken sunan likitan a rubuce, da lambarsa ta hukuma, da sunan kilinik da adireshinta. "Dokta wane" na Facebook ba suna ba ne. Likitan ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. In aka fara kwana-kwana, ana cewa ai duk likitocinmu manya ne, to ciniki ya ƙare. Ba a cinikin biri a sama.

In an samu sunan, sai a tambayi hukumar kanta abu uku. Mutumin nan yana cikin littafi? An rubuta shi a matsayin mai fiɗar gyaran jiki, ko dai likitan gama-gari ne? Izininsa yana aiki yau, ko an dakatar da shi? Hukumomi da yawa sun sa littafinsu a intanet, wasu kuma sai an rubuta masu ko an buga waya. Turkiyya tun 2017 ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar baƙi, da kamfanin da ke kawo su, samun takardar izini daga ma'aikatar lafiya, kuma ma'aikatar tana fitar da sunayensu. Dillalin da ba ya ciki, ko a ƙasarsu ɗan sumoga ne.

Wanda ba ya jin faransanci ko turkanci kada ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ya kai takardar wurin majo na likitar garinsu, ko wurin wani lokotoro a Yamai, ko ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Matambayi ba ya ɓata. Abin da ya fi ma shi ne a fara ganin likitan fiɗa na gida tun ba a sayi tikiti ba, ko a babban asibitin ƙasa, ko na Lamorde, ko babban asibitin da Sin ta gina aka buɗe a 2016. Zai auna jini da zuciya, ya faɗi ko jikin zai ɗauki aikin. Waɗanda gwamnati ke fitarwa waje magani, da takardun likitocin gida suke tafiya, zuwa asibitin da aka sani. Mai tafiya da kuɗinsa ba wanda ya duba masa hanya, sai in shi ya nema.

Sannan a tabbata wanda aka bincika shi ne zai riƙe ƙarfen. Wannan ba zargi ba ne kawai. A Koriya ta Kudu an kama kilinik inda babban likita ke ganin mutum, da an sa shi barci sai wani daban ya shigo ya yi aikin. Abin ya yi yawa har aka kafa doka, daga 2023 sai da kamara a ɗakin fiɗa. Saboda haka sunan mai fiɗar ya fito a takardar da za a sa wa hannu, kuma takardar ta zama cikin harshen da mutum ke ji, ko a samu amintacce ya fassara.

Daren farko

Shari'ar Malaga ta nuna takarda kaɗai ba ta isa ba. Kuskure na iya faruwa a hannun kowa. Abin da ke raba rai da mutuwa shi ne a gane shi da wuri. To, wa zai sa mutum barci, likitan barci ne ko wani ma'aikaci? Kilinik ɗin tana da ɗakin farfaɗo da wanda ya galabaita? Tana da jini a ajiye? In babu, wane asibiti za a kai mutum, kuma tafiyar minti nawa ce? Daren farko wa zai kwana yana auna shi? Wasu masu arahar, da mutum ya farka sai su sa shi mota su kai otal. A otal kuwa ba mai gane hanjin da ya huje. Araha ba ta ado.

Gaggawar ma abin dubawa ce. A Faransa doka ta ce bayan likita ya ba mutum takardar bayanin aiki da kuɗinsa, sai an jira kwana 15 kafin a yi fiɗar kwalliya, don mutum ya yi tunani, ya yi shawara. Tafiyar dunƙule kuwa, a sauka yau, a ga likita da yamma, gobe da safe a shiga ɗaki. Kuɗi an riga an biya, kunya da asara ba za su bar mutum ya ce ya fasa ba. Don haka kada a biya duka tun daga Yamai, kuma kada a tafi ba ɗan rakiya. Mata da yawa suna ɓoye wannan tafiya, su ce ganin ƴan uwa za su, ko sarin kaya. Ɓoyon nan yana da haɗari, don in ta suma ba mai magana da yawunta.

Komowa ma da ƙa'idarta. Zaman jirgi awoyi da yawa yana daskarar da jini a ƙafa, balle ga wanda aka yi wa aiki. Hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawarar a jira kwana 5 zuwa 7 bayan zuƙe kitse kafin a hau jirgi, in kuma an yanke fatar tumbi, kwana 7 zuwa 10. Tikitin da ba a iya canza masa rana bai dace da wannan tafiya ba.

Kafin a baro kilinik a karɓi takardar bayanin aiki: me aka yi, lita nawa aka zuƙe, wane magani aka ba da, da lambar da likitan kansa zai ɗauka. Wannan takarda ita likitan Yamai zai karanta in an kawo masa mutum cikin dare. In bayan an dawo aka ga zazzaɓi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ramin ƙarfen yana fitar da mugunya, kada a tsaya tura wa dillali hoto, kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti mafi kusa da takardar a hannu, a gaya wa likita aikin da aka yi, da ranar da aka yi shi.